Benen Zabbin Hure

A Tudun Kanya, wani ƙauye da ke gabas da Kunci, inda gona ke farawa daga gindin katangar gida, akwai wani mutum ana ce masa Tajuddeen. Manomi ne kamar kowa, sai dai wani rani ya je cirani Rijiyar Zaki, ya yi sati shida yana ɗaukar kwanon siminti a wani gini. Tun da ya dawo bai ƙara son a kira shi da sunan yanka ba, Injiniya yake so. Ya zo da tef ɗin awo da wata hular roba ruwan ɗorawa wadda ta tsage ta ƙeya, ko gaisuwar mutuwa zai je sai ya kifa ta. In ya zo wucewa ta gefen katangar wani sai ya tsaya, ya rufe ido ɗaya, ya girgiza kai, ya ce, "Allah dai ya kiyaye."

Matarsa Hure tana da zabbi goma sha huɗu. Ita ta sayo ƙwan, ta sa wa kaza ta ƙyanƙyashe, ta yi ta fama da tono musu gara har suka kawo ƙarfi. Bana ne za su fara yi mata ƙwai, ta kuwa sa rai ƙwarai. To amma zabo ba ya jin magana. Kwana a kan darbejiya, wuni a gonakin mutane. Da maƙwabcinsu Baba Sama'ilu ya yi binnen gero, zabbin nan suka bi layi suka tone shi tas, kamar su ya shuka wa. Tsohon bai yi faɗa ba, shi ma yana da nasa. Amma ƙorafi ya yi yawa a gari, har mai unguwa Hadi ya sa aka yi shela: da zarar ruwan shuka ya sauka, mai zabbi ya killace abinsa, ko ya kai kasuwa, ko ya sa musu wuƙa.

Hure ta ce, "Malam, ka samo mana kara da zana a yi musu ɗan akurki a filin bayan katanga."

Tajuddeen ya ajiye cokalin koko. "Akurki? A gidan injiniya? Hure, so kike a yi da ni a gari?"

"To me za a yi musu?"

"Bene. Ƙasa falo, sama ɗakin kwana, gefe guda ɗakin ƙwai."

Ta ce, "Ban ji ka ambaci banɗaki ba."

Ya dubi sama. "Kin kuwa tuna mini."

Washegari ya fita filin da fartanya da tef. Ya auna gabas, ya auna yamma, ya zana layi a ƙasa, ya share da ƙafa, ya sake zanawa. Baba Sama'ilu ya dogaro sandarsa ya zo ya zauna a inuwar darbejiya yana kallo.

"Tajuddeen..."

"Injiniya, Baba."

"To, Injiniya. Shekarata arba'in ina kiwon zabbi. Ba sa son duhu, ba sa son a matse su. Ka kewaye musu da zana, ka gitta musu itace su hau, ka datse wa kowanne gashin fiffike guda. Aikin wuni ɗaya ne."

"Baba, wannan ilimin da ne. Ni a waya na ga yadda ake yi."

"A wayar, zabbin sun shiga?"

"Ba a zo wurin ba data ta ƙare."

Ya kwaɓa ƙasa, ya buga tubali, ya jera su a rana. Ko da gari ya waye sai ya fara ɗorawa, alhali in ka danna da yatsa sai ya lotsa. Baba Sama'ilu ya ce tubali sai ya sha ranar sati guda.

Tajuddeen ya ce, "Siminti kwana ɗaya yake kamawa."

"Wannan siminti ne?"

"Hannun da ya taɓa siminti ne ya buga shi."

Tsohon ya ce, "Allah ya ba da sa'a," ya gyara zama. Ya ga alama kallon zai yi daɗi.

Shi Tajuddeen daga ciki ya tsaya yana gini, domin a cewarsa injiniyan gaske ta ciki yake duba aiki, 'yan koyo ne ke zagaye ta waje. Hure ce ke miƙa masa tubali da laka. Gini ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, ya wuce kai. Ya gitta itatuwa a rabin ɗakin ya shimfiɗa kara, ya ce saman bene ke nan. Ran kwana na huɗu ta miƙa masa tsofaffin kwanon rufi guda uku, ya ja su ta sama, ya ɗaure da waya ta ciki, ɗauri na gaske, har yana waƙa. Da azahar ta yi sai ya ƙwala kira.

"Hure! An gama. Zuba mini abinci."

Ta zo ta zagaya ginin sau ɗaya. Ta sake zagayawa. "Malam, ta ina za ka fito?"

Ya waiga dama, ya waiga hagu. Ƙofa ɗaya ce a ginin, a ƙasa, ya kuma auna ta daidai zabo, har da ɗan ƙari saboda ƙiba.

Ta ce, "Ka kwance kwano ɗaya mana."

"In kwance rufin da na ɗaure da lissafi? Matsa ki gani."

Ya kwanta rubda ciki, ya turo hular tukuna, sannan kai, sannan kafaɗa ɗaya, sannan ɗayar da ƙyar. Da aka zo ciki sai tafiya ta tsaya. Ya yunƙura gaba, babu. Ya ja baya, babu. Hure ta kama hannuwansa ta ja har zaninta na neman kwancewa, ko motsi bai yi ba. Ta leƙa ta kan danga ta kira Inna Fanta, matar Baba Sama'ilu. Inna Fanta ta zo da gudu, tsohon na biye da ita a hankali, don ba ya son ya rasa komai, ba ya kuma son ya faɗi.

Inna Fanta ta riƙe baki. "Innalillahi! Ɗan nan, shiga kake ko fita?"

Tajuddeen, haɓarsa a ƙasa, ya ce, "Gwaji nake, Inna."

Baba Sama'ilu ya ce a kawo diga a fasa. Tajuddeen ya rantse in aka taɓa masa gini gara a bar shi a nan ya ƙare kwanansa. Inna Fanta ta dube shi, ta dubi ƙofar, ta tambayi Hure me ta dafa.

"Tuwon dawa, Inna, miyar kuɓewa."

"Ta yi yauƙi?"

"Sosai."

"Ɗauko tukunyar."

Suka bari ta huce, suka kwarara masa ita ta gefe da gefe, Inna Fanta na cusawa da ludayi. Tsohuwa ta kama hannu ɗaya, Hure ta kama ɗaya, Baba Sama'ilu ya yi bisimilla ya ba da umarni. Sai ga Injiniya ya fito sulɓ kamar tarwaɗa, da tubali biyu na saman ƙofa a gadon bayansa. Wandon kuwa ya ga wurin zama, ya tsaya a ciki. Allah ya taimaka rigar doguwa ce.

Ya miƙe, miya na ɗiga, ya kifa hularsa. "Kun dai gani da idonku. Ɓarawo ba zai iya shiga ba."

Baba Sama'ilu ya ce, "In ya shiga ma ba zai fita ba. Ta nan kam ka yi aiki."

Ranar gaya suka ci.

Saura kama zabbi. Hure ta ce ya bari ta kira su, ya ce wannan aikin dabara ne, ba na mata ba. Ya kwance gidan sauronsu, ya kafa shi a fili da sanduna huɗu, ya watsa dawa a ƙarƙashi, ya ɗaura igiya ya kai ta bayan rumbu. Don kada ta suɓuce masa sai ya naɗe ta a wuyan hannu. Ya laɓe.

Zabbin suka sauko, suka zagaye gidan sauron suna leƙe, suka tsince ƙwayar da ta fallatso waje, suka yi shawara da ƙarfi, suka wuce abinsu. Wadda ta shiga ita ce jar akuyar Inna Fanta. Shi kuwa daga inda yake ba ya ganin komai, motsi kawai ya ji, ya fizgi igiya. Gidan sauro ya rufto wa akuya, akuya ta yi kuka ɗaya ta zabura, igiya ta miƙe, Injiniya ya fito daga bayan rumbu ba da niyyarsa ba.

Suka ratsa ta shanyar barkonon Inna Fanta. Suka bi ta bakin rijiya, mata suka watse da guga a hannu. Suka ɓullo ta gaban majalisa, akuya lulluɓe da farar raga a gaba, shi a baya yana atishawa yana gudu. Wani daga cikin dattawan ya ɗaga murya, "Injiniya, ina za a kai amarya?" Ba su tsaya ba sai a gindin kanya, inda igiyar ta naɗe, shi da akuya suka zauna suna haki suna kallon juna.

Da ya dawo gida, ya tarar Hure ta ɗebi tsaki a faifai, ta tsaya a ƙofar madafi tana "kur, kur, kur." Zabbin suka biyo ta ɗaya bayan ɗaya har ciki, ta jawo ƙofa.

Ya ce, "Ai ni na gajiyar da su."

"Sannu da ƙoƙari, Malam."

Ta riƙa ɗaukowa yana turawa ta ƙofar bene yana ƙirgawa. Sha huɗu. Sha biyar. Bai tsaya ba sai a sha tara. Idonsa ya yi waje.

"Hure! Kin ga albarkar gini? Ko kwana ba su yi ba sun ƙaru da biyar!"

"Biyar ɗin ba nawa ba ne. Dubi jan zaren da ke ƙafarsu, na Baba ne."

"Ke dai ba kya son ci gaba."

Ya toshe ƙofar da faranti, ya wanke fuska, ya nufi majalisa. A can ya ba da labarin yadda ya kama zabbi goma sha tara shi kaɗai, ya kuma gayyaci mai unguwa da liman da duk wanda ke da ƙafa, ranar Juma'a bayan la'asar, a zo buɗe benen zabbi na farko a ƙasar Kunci. Ya ce daga nan mutanen Gezawa ma za su fara aiko masa.

Baba Sama'ilu ya ce, "Zan zo. Nawa biyar ma sun riga ni zuwa."

Ranar Juma'a ya shafe ginin da farar ƙasa. Ginin ya ɗan karkata ta gabas, amma ya ce da gangan ne, saboda iska. Ya yagi gefen wani tsohon zanin Hure ya gitta a ƙofa, ya aro almakashin tela. Aka shimfiɗa tabarmi. Mai unguwa Hadi ya zo da babbar riga, liman ya zo, mutanen majalisa suka zo har da waɗanda ba sa magana da juna. Mata suka jeru ta cikin gida, kawunansu kaɗai ake gani ta saman katanga.

Tajuddeen ya yi gyaran murya. Ya fara daga Rijiyar Zaki, ya bi ta kan siminti da rodi, ya bayyana falo, ya bayyana ɗakin ƙwai, ya ce zabon da ya kwana a bene ƙwansa ya fi na ƙasa girma. Mai unguwa ya saurara har ya gaji, sannan ya karkata kunne wajen ginin.

"Injiniya, zabbin nan kurame ne? Ni dai na san zabo ɗaya ma ya ishi unguwa."

"Natsuwa ce, ranka ya daɗe. Wuri in ya yi wa mutum daɗi ba ya surutu."

Mai unguwa ya tattare riga, ya durƙusa da ƙyar, don ƙofar a ƙasa take, ya yanke ƙyallen. Tajuddeen ya janye faranti, ya ja da baya, ya buɗe hannuwa.

Ba abin da ya fito.

Ya tafa. Shiru. Ya durƙusa ya yi "kur, kur, kur" da muryar da ba ta saba ba. Can sai ga wani jan gwada ya leƙo, ya tsaya a bakin ƙofa, ya gyaɗa wa mai unguwa kai sau uku, ya wuce.

Liman ya ce, "Albarkacin zabo ƙadangare ya samu bene."

Kafin dariya ta lafa sai aka ji ƙara daga sama. Kowa ya ɗaga kai. Ga su nan a kan darbejiya, goma sha tara cif, sun jeru a reshe suna kallon taro, su ma kamar an gayyace su.

Baba Sama'ilu ya nuna bayan ginin da sanda. "Wannan ramin na sama fa, na mene ne?"

"Taga ce, Baba. Ta shan iska."

"To ai zabo ma ta inda iska ke bi yake bi."

Gumi ya keto wa Tajuddeen ta ƙarƙashin hula. Ya dubi mai unguwa, ya dubi kawunan matan da ke kan katanga, ya ga har da na Hure. Ya ce, "Jama'a, kada ku damu. Yawon motsa jiki suka fita. Yanzu zan dawo da su, ku kuma ga ƙarfin gini." Ya ɗauki ƙwaryar dawa, ya jingina tsani, ya hau.

Baba Sama'ilu ya ce, "Tajuddeen, sauko. Tubalin nan ɗanye ne."

"Injiniya, Baba." Ya tsaya a tsakiyar rufin, ya buga ƙafa. "Kun ji? Ko motar yashi ce ta hau..." Ya sake bugawa. Sannan ya ɗaga ƙwaryar sama ya girgiza ta.

Zabbin nan tun safe ba su ci komai ba. Suka taso gaba ɗaya. Goma sha tara suka dira a kan kwano lokaci guda, ƙara kamar ana ruwan ƙanƙara, wasu a kafaɗarsa, wasu a cikin ƙwaryar, ɗaya a kan hular. Ya yi ta kaɗa hannu yana juyi yana "Kai! Kai! Ku bi layi!" Sai aka ji ginin ya yi wani nishi. Bangon gabas ya durƙusa a hankali, kamar raƙumi zai sauke kaya. Na yamma ya ga ba zai tsaya shi kaɗai ba, ya bi shi. Mai unguwa ya yi tsallen da rabonsa da irinsa tun yana saurayi. Ƙura ta turnuƙe.

Da ta lafa, sai ga Injiniya zaune daram a kan kwano, kwano a kan ɓaraguzai, fari fat da farar ƙasa, ƙwarya a cinya, wata zabuwa na tsattsagar dawa daga ciki hankali kwance.

Muryar Hure ta zo ta kan katanga. "Malam, ka ji ciwo?"

Ya taɓa haƙarƙari, ya motsa ƙafa. "Ban ji ba."

"Alhamdu lillahi. To zabbina fa?"

Nan ne dariya ta ɓarke, har liman sai da ya cire rawani ya share hawaye. Amma Hure ba dariya take ba, gabas take kallo. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ganyen darbejiya. In ruwan nan ya sauka, gobe shuka, zabbinta kuma sai kasuwa ko wuƙa.

Baba Sama'ilu ya ga inda take kallo. Ya dogara sanda ya miƙe. "To, jama'a, mun sha kallo kyauta, sai mu biya. Akwai kara a bayan rumbuna, akwai zana uku a zaure."

Mutane suka tuɓe manyan riguna. Wasu suka haƙa rami, wasu suka kafa dirka, wasu suka ja zana suka ɗaure, aka gitta itace a ciki, aka yafa ragowar gidan sauron a sama. Hure ta kira zabbinta cikin gida da tsaki, ita da Inna Fanta suka datse wa kowanne fiffike guda, suka riƙa miƙowa ta kan katanga. Tsohon ya ware nasa biyar masu jan zare. Kafin a kira magariba zabbi goma sha huɗu na kan itace a cikin akurki, suna ta surutunsu. Duk wannan aikin Tajuddeen na zagaye da tef, yana auna abin da an riga an ɗaure, yana cewa, "Yauwa. Haka nake nufi tun farko."

Ɗigon farko ya faɗo a kan kwanon da ke ƙasa. Mai unguwa ya karkaɗe rigarsa, ya yafito shi.

"Injiniya."

"Ranka ya daɗe."

"Akwai wani tsohon rumbun mahaifina a bayan gidana. Shekara uku ina neman wanda zai rushe mini shi, diga biyu ta karye a jikinsa. Yau na ga aikinka. Gobe da safe ka zo ka hau."

Tajuddeen ya gyara zaman hula, ya ce ba komai, zai duba lokacinsa. Yana ganin mai unguwa ya juya baya ya ruga gindin katanga.

"Hure! Kin ji? Tun ba a je ko'ina ba kwangila ta fara shigowa!"

Ta ce, "Na ji, Malam, Allah ya sa albarka. Amma don Allah in ka je, ka bari ya nuna maka rumbun da hannunsa. Kada ka hau na kusa da shi."